Kafin-Bature Ya Yi wa Zaure Siminti

Allah ya yi wa garin Mashigin Kanwa, can kan hanyar Roni, baiwa biyu: rafin da ya bi ta gefensa, da Alhaji Mamuda. Rafin yakan ƙafe da rani, bakin Alhaji kuwa bai taɓa ƙafewa ba. Da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya duba ya ga tarihi na gararamba ba mai shi, sai tausayi ya kama shi ya ɗauke shi riƙo. Ya kafa Kwamitin Kare Kayan Tarihi, ya zaɓi kansa shugaba ba hamayya, ya sa aka sassaƙa masa hatimi. Ya so a riƙa ce masa Garkuwan Tarihi. Mutanen gari, da yake ba su san darajar manya ba, suka laƙaba masa Kafin-Bature, don ko gaisuwar mutuwa ya je, da "tun kafin zuwan Bature" yake farawa.

Tarihin garin dai duka-duka zaure ɗaya ne a bakin mashigi, ginin tubali da azara, inda fataken kanwa ke sauka in rafi ya cika ya hana su hayewa. Kakan Ya Kura ne ya gina shi, ita kaɗai kuma ta rage a gidan, tsohuwa da ta haura saba'in. Kowace shekara kafin ruwan fari takan jiƙa makubar ɗorawa, ta kira matan unguwa su yaɓe bangon da hannu, ta sa a share indararo. Da haka zauren ya ga damina fiye da ɗari. Ba abin da take roƙon Allah illa kada ya faɗi tana da rai.

Ana nan sai labari ya zo cewa wata malamar jami'a, Dakta Bahijja, za ta kawo ɗalibai su ga tsofaffin gine-gine. Kafin-Bature ya zuba babbar riga, ya gangara bakin rafi, ya zaga zauren yana yatsina.

"Iya, tun kafin zuwan Bature nake nazarin ginin nan," in ji shi, shi da aka haifa bayan Bature ya tattara ya tafi. "Baƙi masu digiri su zo su tarar da tarihinmu da laka a jiki? Siminti za a yi masa, a bi da fenti."

"Mamuda, ginin ƙasa numfashi yake yi," in ji Ya Kura. "In ka rufe shi da siminti, ruwan da ya shiga ba shi da ta inda zai fita."

Alhaji ya yi irin murmushin da masu ilimi ke yi wa marasa shi. Ya kawo birkiloli suka shafe gaba da gefe biyu, aka zuba fenti kore shar. Indararon gaba ya ce a cire a toshe gurbinsa, don yana zubo ruwa daidai inda allon sunansa zai zauna. Bangon baya kuwa ba a hango shi daga titi, saboda haka ilimi bai kai can ba. Ya Kura ta yaɓe abinta da makuba, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi.

Damina ta sauka ba tare da ta nemi izinin kwamiti ba. Ruwa ya kwanta a kan soro, ya rasa mafita, ya bi ta bayan siminti. Daga waje gini sai ƙyalli, Alhaji kullum yana ɗaukar hoto yana turawa ta waya. Ana cikin haka, wata Talata da hantsi, gaban zauren ya saki, rufi da bangon gefe biyu suka biyo shi, rim! Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Ya Kura ta zo ta tsaya a kan tarkacen, kuma duk wanda ya gan ta ranar sai da zuciyarsa ta karye.

Da wani ne, da kunya ta hana shi fita masallaci. Ban da Kafin-Bature. Ranar da baƙi suka iso ya riga kowa zuwa, ya hau tulin ƙasa, ya kwashe minti arba'in yana bayanin yadda kwamitinsa ya "tono asalin ginin domin amfanin masu bincike".

Dakta Bahijja ta saurara har ta gaji, ta zaga baya. Can ta tarar da bango ɗaya tsaye ƙyam, da sawun yatsu a jikinsa. Ta durƙusa ta gaida Ya Kura, ta roƙe ta ta nuna wa ɗalibai yadda ake jiƙa makuba ko a samu a ta da sauran, sannan ta tsayar da ita a gaban bangon a yi hoto. Alhaji ya garzayo, ya gyara zaman hula, ya kutsa tsakiya.

"Ranka ya daɗe, don Allah ɗan matsa gefe," in ji Dakta. "Kana tare mana tarihi."