Ilu Ɗan Jidda da Injin Ƙanƙarar Hajiya Tabawa

Wani mutum ne a Haɗejiya, sunansa Ilu, amma ba mai nuna maka gidansa sai ka ce Ilu Ɗan Jidda. Ya taɓa zuwa Saudiyya ya ɗan jima, ya dawo da jallabiya da baƙin tabarau da baki. Bakin ya fi komai yawa. Ka ce mota, ya tuƙa wadda ta fi ta a Jidda. Ka ce zafi, a Jidda a kan kwalta yake soya ƙwai. Aikin da ya yi a can kuwa ya danganta da wanda ke sauraro, amma wanda ya fi so shi ne wai shi ne shugaban sashen sanyi na wani otal da ba a hango samansa sai hula ta faɗi.

To, matarsa tana da yaya, Hajiya Tabawa, wadda ta daɗe tana sayar da abinci a rumfa kusa da tasha. Allah ya buɗa mata, ta gina gidan abinci na bulo, da tebura da kujeru da fankoki. Damuwarta ɗaya, ƙanƙara. Kun dai san zafin Haɗejiya. Zoɓonta da kunun ayarta sun yi suna, amma ƙanƙarar leda da take aikawa a sayo, kafin azahar ta zama ruwan wanke hannu. Sai ta ce inji za ta saya ta huta.

Maganar na shiga kunnen Ilu, sai ga shi fuuu, ko sallamar kirki bai gama ba.

"Yaya, injin ƙanƙara za ki saya ban sani ba? Ni? Ai a Jidda da su nake kwana, da su nake tashi. Ko a barci na ji kukan inji, sai in gaya miki ƙasar da ta haife shi."

"To Malam Ilu, ai shi ke nan. Ka raka ni Kano."

Suka isa wani babban kantin kayan sanyi. Mai kantin, wani dattijo mai fara'a da ake ce wa Malam Sharu, ya ba Hajiya kujera ya fara tambaya.

"Hajiya, na gida kike so ko na sana'a? Kuma ya jama'arki take, tana da yawa? Akwai famfo a wurin? Wuta fa?"

Hajiya ta buɗe baki, Ilu ya riga ta.

"Malam, inji muka zo saye, ba auren 'yarka muka zo nema ba. Nuna mana kaya."

Malam Sharu ya yi murmushi, ya dafa wani ɗan ƙaramin inji kamar tukunyar shinkafa. Ya ce wannan na gida ne, a kan tebur ake ɗora shi, da kofi ake zuba masa ruwa, ya riƙa fito da 'yar ƙanƙara mai rami a tsakiya. Ya isa maigida da iyalinsa da baƙo ɗaya.

Ilu ya ja tsaki. "Wannan a Jidda yara ake saya wa na wasan sallah."

Malam Sharu ya matsa gaba. Ya ce wannan kuma ƙanƙararsa ɓarɓashi ce, masu kifi da mahauta ke amfani da ita, a zoɓo nan da nan take narkewa. Sannan ya tsaya a kan wani matsakaici, tsayinsa iya ƙugu.

"Hajiya, in da ni ne, wannan zan ɗauka. Yana shiga ƙarƙashin kanta, ƙanƙararsa mai kusurwa huɗu ce, tana daɗewa a kofi, kuma ma'ajiyarsa a jikinsa take. Ƙaramin janareto ma yana jan sa."

Hajiya ta shafa shi, har ta fara gyaɗa kai. Amma idon Ilu ya riga ya faɗa kan wani jibgege a can ƙurya, yana ta ƙyalli.

"Yauwa! Ga ɗan gidana! Irin wannan na bari a otal, har kuka ya yi ranar da zan taho."

"Maigida, wancan na manyan otal ne. Kan injin ne kawai, sai an saya masa rumbun da ake ɗora shi a kai, inda ƙanƙarar za ta riƙa zuba. Yana son tiyon da zai fitar da ruwa zuwa kwata. Kuma a can baya ake ajiye shi inda iska ke shiga, don zafi yake hurowa."

Ilu ya tuntsire da dariya har tabarau ya zame.

"Yaya, kin ji? Injin ƙanƙara wai zafi yake hurowa! Gobe kuma ya ce murhu sanyi yake yi." Ya sunkuya ya raɗa mata, raɗar da har bakin titi ana ji. "Zancen rumbun nan dabarar 'yan kasuwa ce. Ba ki da daro a gida?"

Hajiya ta dubi matsakaicin nan, ta dubi Ilu. Ta tuna mijin ƙanwarta ne, kuma dai shi ya je Jidda, ita Hajiyar ta suna ce, iyakarta Kano. Aka ɗaure jibgegen a bayan a-kori-kura, ba rumbu, ba tiyo. Malam Sharu ya raka su da "Allah ya ba da sa'a," irin wadda ake yi wa wanda zai shiga kogi da damina.

A Haɗejiya Ilu ya ɗauki ragamar komai. Ya sa mai walda ya ƙera wani dogon tebur na ƙarfe mai rami a tsakiya, aka ɗora injin a kai, a tsakiyar ɗakin cin abinci tsaf, don kowa ya gani. A ƙarƙashi ya kafa ƙaton daron ƙarfe da Hajiya ke kwaɓa fulawar biki. Mai gyaran famfo ya jawo ruwa, ya tambayi inda zai fitar da na banza, Ilu ya ce injin Jidda ba ya ɓarna. Sai ya ɗaga kai ya ga fankoki.

"A cire waɗannan."

"Malam Ilu, fankokin nawa?"

"Yaya, in wannan ya tashi, bargo za ki riƙa raba wa mutane. Fanka a kansa ai mura ce."

Aka cire. Hajiya ta ce to a gwada shi mana kafin ranar buɗewa. Ilu ya ce a'a, irin wannan inji ba a tashinsa sai a gaban manya. Gaskiyar magana, tsoro yake kada ya rasa makunnin a gaban mai walda.

Ranar buɗewa aka cika maƙil. Ga mai unguwa, ga liman, ga shugabannin direbobin tasha, ga mata da gwala-gwalai. A teburin da ke daf da injin aka zaunar da Gwaggo Ladidi, ƙanwar mahaifin Hajiya, tsohuwa mai nauyin kunne, wadda in za ta ce a miƙo gishiri sai an ji a masallaci.

Liman ya yi addu'a. Ilu ya miƙe cikin farar jallabiya, ya yi jawabi a kan tarihin ƙanƙara tun daga Jidda har Haɗejiya, sannan ya zagaya injin yana shafawa kamar mai duba ingarma. A zagaye na uku Allah ya taimake shi yatsansa ya faɗa kan makunni.

Guuuuum! Janareto a waje ya yi tari, ya dai daure. Jama'a suka yi tafi.

Aka kawo shinkafa. Aka kawo zoɓo, kowa ya riƙe kofinsa yana jiran ƙanƙara. Ƙanƙara shiru. Abin da ya fara fitowa iska ce, mai zafi kamar daga bakin tanda. Mai unguwa ya cire hula ya fara fifita. Hodar matan nan ta soma gangarowa. Wani direba ya leƙa daro, ya ga fuskarsa kawai.

Hajiya ta matso tana share gumi. "Malam Ilu, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Yaya. Zafin ɗakin yake tsotsewa, shi ya sa kike jin sa yana wucewa. Kowa ya shirya, sanyi na tafe."

Bai rufe baki ba ruwa ya fara tsiyaya ta bayan injin, tsiririri, yana bin ƙarƙashin tebura. Mutane suka ɗaga ƙafa. Sai kukan injin ya canja. Ƙas! Sannan fiiiiiish, kamar ƙaton maciji. Kowa ya juyo ya dubi gwani. Gwani kuwa ya fara ja da baya.

Ashe haka irin wannan inji yake yi in zai saki ƙanƙarar da ya haɗa, gaba ɗaya yake sako ta, faifai guda. Da akwai rumbu, da sai dai a ji ɗan ruf. Amma daro ne, na ƙarfe, kuma daga sama.

Ƙwarararam! Ɓam!

"Wayyo Allah, zai fashe! Kowa ya yi ta kansa!"

Muryar Ilu ce. Kafin kowa ya motsa, shugaban sashen sanyi ya yi tsalle ɗaya, tabarau ya yi gabas, takalmi ya yi yamma, ya shige ƙarƙashin teburin Gwaggo Ladidi ya rungume ƙafarta. Sauran jama'a suka yi ƙofa, aka cushe, liman na salati, mai unguwa na neman hula. Gwaggo Ladidi kaɗai ce ba ta ji komai ba, tana ta fama da cinyar kaza.

Da aka ga ba hayaƙi ba wuta, Hajiya ta lallaɓa ta leƙa daro. Ga ƙanƙara fara tas, mai kusurwa huɗu, tana sheƙi. Ta ɗebo a hannu ta nuna wa jama'a, sannan ta durƙusa ta ɗaga mayafin tebur.

"Malam Ilu, fito. Ɗan gidanka ne ya haihu."

Ilu ya rarrafo ya miƙe, yana karkaɗe jiki.

"Ai na sani. Gwada ku na yi, in ga wa ke da zuciya. A Jidda haka muke wa sababbin ma'aikata."

Sai dai ba wanda ke kallon fuskarsa. Duk ido yana gaban jallabiyar, wadda ta jiƙe sharkaf tun daga ƙugu har ƙasa. Ilu ya duba, ya yi sauri ya nuna ƙasa.

"Ruwan injin ne! Ba ku ga ya malale ko'ina ba? Ruwan ƙanƙara ne!"

Gwaggo Ladidi ta ajiye ƙashin kaza, ta sunkuya ta taɓa ƙafarta, ta ɗago ta ƙwala wa Hajiya kira da muryar nan tata.

"Ke Tabawa! Wannan inji naki na albarka ne. Sauran mutane ya ba su ruwan sanyi, ni tsohuwa ya zuba mini na ɗumi a ƙafa!"