Ranar da Lilo Ya Tsaya da Ni da Surukina

Ba zan taɓa mantawa da washegarin ƙaramar sallar nan ba, ranar da aka raba ni da ɗakina, ni da ko bikin sunan maƙwabta sai an yi da gaske nake leƙawa. Mijin 'yata ta fari ne ya zo Roni da mota, shi da ita da 'yarsu, wai zai kai mu wurin wasan yara a Kazaure. To kun san yadda ake da suruki a gidajenmu, balle mijin 'yar fari. Tun da ya auri yarinyar nan ban taɓa kama sunansa ba, ko gyaɗa ban taɓa tauna a gabansa ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa, in amsa ta bayan labule. (Fuskarsa ma a hoton biki na fi saninta.) 'Yar tasu, jikata Hanifa, ce ta kafe da kuka sai da Kaka, dole na jawo mayafi.

Tun daga bakin shiga kunnena ya gaya mini gaskiya. Boko dai ban yi nisa ba, amma na shekara da shekaru da injin markaɗe a tsakar gida, na san kukan bel idan ya gaji. Irin kukan da babban lilon nan ke yi ke nan, mai kwanduna, wanda ke juyawa da mutane sama. Fenti ya ɓare, tsatsa ta ci ƙafafunsa, ko'ina tabon walda. Wasu kwandunan ma an ɗaure bakinsu da igiya, sun yi ritaya.

Na ce wa mai kula da shi, "Ɗan nan, yaushe rabon abin nan da giris?"

Ya ce, "Hajiya, ai haka muryarsa take. Ranar da ya yi shiru, ranar za ki ji tsoro."

Hanifa ta ce, "Rabu da ita, tsoro take ji. Tsohuwa kawai."

Gorin yarinya ya sa na shiga kwando. Muna zama ya karkace ta gefena. (Ba zan ɗora wa tsatsa laifin duka ba, ina da jiki.) Mai lilo ya leƙa ya ce maƙalin wannan gefen ya cinye, sai an sa mai nauyi a ɗaya ɓangaren. Ya waiwaya, idonsa ya faɗa kan surukina.

"Alhaji, taimaka ka shigo ka daidaita mana."

Surukin nawa, bawan Allah, ya matso. Ya tuɓe takalmi, wai girmamawa, ya shigo ya zauna yana kallon gabas, ni ina kallon yamma, Hanifa a tsakiya tana tafi.

Muka tashi. Sai ga duwatsun Kazaure da ruwan dam shimfiɗe a ƙasa, har na fara cewa a raina ashe duniya na da kyau. Can na ji fat, bel ya tsinke. Lilo ya tsaya cak, mu ne a ƙoli. Kwando ya yi gaba ya yi baya, ƙarfen da ke ƙarƙashina ya yi wata ƙara.

Jama'a, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Sabi'u, riƙe ni! Sabi'u, don girman Allah kar ka sake ni!"

Da ƙarfi fa, har masu sayar da ƙanƙara a ƙasa suka ɗaga kai. Na damƙi hannun babbar rigarsa ta sallah, sabuwar shadda, sai da na ji ɗinki ya ɓarke. Shi kuwa bai fasa kallon gabas ba, ya miƙo hannu ta baya yana cewa, "To, Inna. Na riƙe, Inna. A yi haƙuri."

Samari suka taru suna juya lilon da hannu, a hankali a hankali. Tun muna rabin hanya tsoro ya gudu, kunya ta dawo, amma yatsuna sun ƙi sakin shadda. Ina hango 'yata a ƙasa ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

Muna taka ƙasa Hanifa ta ce, "Kaka, ashe kin san sunan Abba?"

Mai lilo ya ƙara da nasa: "Hajiya, ku dawo gobe, za mu sa sabon bel. Hawanki kyauta."

Haka muka koma Roni. Na kwana ina cewa shi ke nan, na zubar da girman da na daɗe ina tarawa, yaron nan ba zai iya sake tako gidan ba.

Ran Juma'a sai ga sallamarsa. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, ta ƙasan labule na hango rigar nan, an kama ɗinkin. Ya gaishe ni tsaf, sannan a hankali ya ce, "Inna, ya gajiyar sama?"

Na toshe baki, amma dariyar ta riga ta fita. Ranar ya fara jin ta.

Yanzu dai na koyi abu biyu. In kunnena ya ce ƙarfe ya gaji, ba jikar da za ta yi mini gori in hau. Kunya kuma ashe a ƙasa take zaune, ba ta hawa lilo.