Rasuwar Eko, Ɗan Amshin Inna Laraba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sauka ba, ni Surajo mai ɗaukar kaset na bakin kasuwar Tudun Wada nake sanar da jama'ar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa rasuwar injin eko ɗina, wanda ya cika ranar Asabar a filin taron siyasa na Kiru, a hannun ƙanin matata, Ladan.

Marigayi ya zo hannuna ɗan gwanjo daga Kano a 1984, da tabo a murfinsa. Aikinsa ɗaya ne tak. Ka faɗi kalma a makirfo, ya naɗe ta a zaren kaset da ke zagayawa a cikinsa, ya maido maka da ita sau uku: ta farko garau, ta biyu da ɗan dishi, ta uku kuwa sai ta makara kaɗan, tana ɗingishi, saboda wata roba da ta saki tun kafin in saye shi. Masu gyara sun sha cewa in kawo a canja ta, na ƙi. Da wannan makarar ake gane kaset ɗina ko daga teburin mai shayi aka jiyo shi.

Babban alherinsa shi ne riƙe Inna Laraba ta Ƙofa, mai waƙar ƙwarya. 'Yan amshinta sun watse, aure ya kai wata Zariya, wata ta rasu, sauran suka ce sun girma da bin biki. Ita ma numfashinta ya fara gajarta. Marigayi ne ya tsaya mata. In ta ce ku taso mata, sai ya amsa, "mata… mata… ta…" a wannan ɗan tsakanin take jan numfashi ba wanda ya sani. Masu saye suna rantsuwa mata uku ne a bayanta. Habu, wani makiyayi daga Falgore, har ƙwaryar nono ya taɓa kawo mini, wai in kai wa ta ukun nan mai makara, ita ta kwanta masa a rai. Na nuna masa akwatin, ya ce in ba zan haɗa su ba in fito fili in faɗa masa.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ladan ya zo aron wuni ɗaya, na hana, matata Hasana ta sa baki. Na ja masa kunne: kada a jona shi da janareta kai tsaye, kada a murɗa maɓallin maimaici ya wuce jan fentin da na ɗiga. Duka biyun ya yi, wai don alkawarin ɗan takararsu ya cika fili. Waɗanda ke wurin sun ce kalmar marigayi ta ƙarshe ita ce "taki… taki… ki…" sannan ya kurma wani ihu, hayaƙi ya tashi. Shekara da shekaru yana maimaita waƙa, ya mutu yana maimaita ƙarya. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ladan ya dawo mini da shi naɗe a fostar ɗan takarar, ya ce ƙarar kwana ce.

Balarabe mai gyaran rediyo ya buɗe shi, ya rufe, ya yi mini ta'aziyya. Ban zauna ba. Na haɗa rikoda biyu, na sa lasifika cikin duro, har makirfo na zura a rijiyar gidanmu, duk don in sami irin amshinsa, ban samu ba. Na aro wani eko sabon yayi daga Kano, mai lambobi masu haske. Shi wannan ba shi da kunya, abin da ka ba shi shi zai maido maka tas. Ya maido wa Inna tarinta da hakinta a gaban jikokinta. Ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "Surajo, ashe haka na tsufa?" Tun ranar ta ce ta bar waƙa, ga bukukuwan kaka sun matso, kuma da waƙar take ci da jikokin nan.

Marigayi ya bar makirfo ɗaya, lasifika biyu, da kaset ɗin Inna mai gefe ɗaya cike, ɗaya wayam. Ya bar Habu, wanda ban san me zan ce masa ba.

Za a yi masa sutura ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar shagona. Ba sallah, ba haƙa, ƙarfe ne. Kwalinsa zai koma, a tura shi ƙarƙashin gado. Na roƙi Inna da girman Allah, ta yarda za ta yi baiti ɗaya a wurin. Saboda haka ina cigiyar mata uku masu riƙe amshi: ta farko ta amsa garau, ta biyu ta sassauta, ta uku ta ɗan makara, kada ta yi sauri, ta bar tsohuwa ta ja numfashi. Ladan ya yi zamansa a gida, mun yafe ta'aziyyarsa.

In ba wadda ta zo, ni zan tsaya bayan Inna da wannan muryar tawa ta kwaɗo, in amsa mata sau ukun. Wanda zai yi dariya ya yi.