Madanni Ɗaya A Ranar Arba'in Ɗin Yaya

Komai daɗewar da zan yi a duniya, ba na jin zan manta da ranar sadakar arba'in ɗin Yaya Kabiru. Zafin rashinsa daban ne. Abin da na aikata da hannuna a ranar shi nake son in faɗa.

Yaya manomin rani ne a bakin dam ɗin Zobe. Wata shekara 'yan talabijin suka zo suka yi hira da shi a gonarsa ta tumatir, yana bayani yana dariya. Da aka nuna hirar, ya naɗe ta a wani ɗan filash da ke maƙale a bayan dikodarsa. Shi ba mai aika saƙon murya ba ne, don haka bayan ya rasu muka gane ita kaɗai ce muryarsa da ta rage mana. Inna, mahaifiyarmu, a Kurfi take zaune, kuma ba ta taɓa ganin hirar ba. Ta ce in ta zo Dutsin-Ma ranar addu'a, a nuna mata ɗanta.

Falon Yaya akwai talabijin, da dikoda, da manyan sifikoki, kowanne da rimot ɗinsa. Na dikodar ya tsufa, rubutun jikinsa duk ya goge, Yaya kaɗai ya san shi da yatsa. Ni kuwa a gidanmu ni ne "injiniya" (iyakar aikina sauya ƙwan fitila da gyara wa Inna agogon waya). Na ce ba zan tsaya gaban jama'a ina lalube da rimot uku ba.

Na tafi shagon Oga Chidi mai kayan wuta. Ya baza mani iri uku a kan teburi. Na farko yana zuwa da ɗan littafi, ka nemo lambar na'urarka ka shigar. Na biyu shi ke lalubo lambar da kansa, kai dai ka riƙe madanni har talabijin ta mutu. Na uku koyo yake yi: ka haɗa kansa da kan tsohon rimot, duk abin da ka danna a tsohon sai ya kwafe. Yana kuma haddace umarni a jere, madanni ɗaya ya yi maka aikin goma.

"Malam, ɗauki na farko," in ji Oga Chidi. "Wannan na ukun ba ya tambaya fa. Abin da ka koya masa shi zai yi, ko daidai ko ba daidai ba."

"Oga, ka san da wa kake magana kuwa?"

"Na sani. Shi ya sa na ce na farko."

Na ɗauki na uku.

Kwana uku ke nan babu wuta a unguwar, janaretan da za mu ara kuma sai ranar addu'a za a kawo shi. Ban damu ba, domin koyarwar ba ta buƙatar wuta, batir kawai. Na zauna a tabarma a gidan Yaya na haɗa kawunan rimot ɗin. Na sha ganin Yaya yana yi: ya buɗe jerin abin da aka naɗa, ya danna ɗaya daga cikin ƙananan madannai huɗu da ke ƙasa, sannan ya danna na tsakiya. Wanne ne a cikin huɗun? Launinsu ya goge. Sai na yi lissafi irin na masu ilimi: wanda ya fi lotsawa shi aka fi dannawa, wanda aka fi dannawa kuwa ai na kunnawa ne. Na koya masa shi, na bi shi da na tsakiya.

Ranar addu'a, bayan an shafa fatiha an raba waina, dangi suka cika falon. Inna ta zauna gaba, ta gyara mayafinta kamar za ta karɓi baƙo. Hadiza, matar Yaya, tana takaba, ta zauna bayan labule ta ɗan ɗaga gefensa. Kawu Sale ya miƙo mani tsohon rimot ya ce, "Ungo, auta." Na ce masa ya ajiye, an wuce wannan zamanin. Har na ɗaga nawa sama don kowa ya gani (Allah ya yafe mani wannan ɗagawar).

Na danna.

Talabijin ta kama, dikoda ta kama, sifikoki suka yi gurnani. Jerin ya fito da abu ɗaya tal a cikinsa, da ɗan hoton Yaya riƙe da tumatir. Inna ta ce, "Ga shi nan!" Sai wani akwati ya bayyana da tambaya cikin Turanci. Kafin in gama karanta kalmar farko, rimot ɗin ya amsa da kansa. Jerin ya koma fayau.

Inna ta juyo ta ce, "Ya fara ne?"

Hadiza ce ta amsa daga bayan labule, a hankali. "Inna, na gogewa ya danna. Duk mako Yaya yana naɗar ƙwallo, in ya kalla ya goge. Shi ya sa madannin ya lotsa."

Na yi ta danne-danne, gumi na zuba. Kawu Sale ya karɓe rimot ɗin daga hannuna kamar mai karɓe wuƙa. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ku ƙyale shi. Allah ya ba mu, Allah ya karɓa." Kawu ya ce, "Haka ne, 'yar'uwa. Amma wannan karon auta ya aiko ya karɓa."

Na kai filash ɗin wurin masu kwamfuta biyu, ba a samo komai ba. Inna ba ta sake tayar da maganar ba har yau, kuma da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Darasin da na koya ƙarami ne, na kuma saye shi da tsada. Hadiza tana ɗaki na kusa lokacin da nake lissafina a tabarma, taku biyar tsakaninmu. Yanzu ko murhun wani gida aka ce in kunna, sai na fara yin sallama na tambayi matar gidan.