Ranar da Burukutu Ya Jira Mai Girma

Larabar da ta wuce, ranar kasuwar Ketawo, gari ya waye da zafi mai dafa ƙwai a aljihu. Na jingine babur ɗin hayata da wuri don in zaga rumfunan burukutu, in faɗa muku na wa ya yi, na wa ya sha ruwa. Ni da makaranta mun rabu tun a aji biyar, amma harshena bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba.

Sai na tarar da tukwane a rufe, masu su sun yi tagumi.

"Iya Mazalo, wa ya mutu?"

"Kasuwa, ɗana. Wai gasa za a yi. Ba mai sayar da ko ƙoƙo ɗaya sai Mai Girma, babban baƙo daga birni, ya ɗanɗana."

Kun dai san burukutu rai gare shi, ba ya kwana. Na Iya Mazalo da safe zaƙi-zaƙi yake, da rana ya yi yaji, da yamma ya koma abokin gaba. Na Piyalo kauri ne kamar kunu, ka sha ka manta da tuwo. Na Cilalo kuwa, daga nesa ruwan ya hango dawa. Ita Iya, dawar da ta rage mata a rumbu ta juye kaf, don an ce manya za su zo.

Maƙwabcina Abalo tela ya lallaɓa wurin ɗan kwamitin gasar da ke gadin tukwane.

"Ranka ya daɗe, bari mu ɗanɗana wa Mai Girma, kada a sa masa guba."

"Koma kan kekenka, mai sadaukar da rai!"

Tukwane na ta kumfa suna tsaki, mu muna haɗiyar yawu. Masu saye suka gaji, suka tsallaka ƙauyen gaba.

Sai la'asar sakaliya Mai Girma ya iso da jerin motoci. Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi mana doguwar huɗuba kan gadon kakanni, har na Cilalo ma ya yi ƙarfi.

Iya ta ɗebo, ta fara kurɓa kamar yadda ake yi wa baƙo. Fuskarta ta tattare kamar bakin jaka. Mai Girma ya karɓa, ya shinshina, ya miƙa wa na bayansa. Ashe likita ya hana shi sha tun bara! Na bayan ya haɗiye, hawaye na zuba, ya ce, "Wannan shi ne na ɗaya."

"Na ɗaya?" in ji Iya. "Wannan ko alade sai an roƙe shi."

An tafa, an ɗau hoto, an ba ta bokitin roba.

Asarar Iya: tukwane uku, buhun jar dawa, itace kaya biyu, da mashayan da suka gano hanyar ƙauyen gaba. Aladunta dai, da ta juye wa tsamin, har yau ba a ji ƙorafinsu ba.