Ranar da Na Sha Kayan Gwajina

Ba zan taɓa mantawa ba da taron iyaye da malamai da aka yi a kan ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu.

Ni malamar kemistiri ce a wata sakandare a nan Mubi. Ɗakin gwajin namu suna kawai ya rage masa. Kwalabe sun farfashe, famfo ya daɗe da mutuwa, ƙadangaru sun fi ɗalibai leƙa shi. Sai Malam Garba, mai koyar da lissafi, ya kawo shawarar a kwashe tarkacen a zuba kwamfutoci, yara su riƙa gwajin jarrabawar shiga jami'a. Hujjarsa ita ce, shekara da shekaru a allo ake zana musu gwaji su haddace, kuma suna ci. Ni kuwa na ce ina! Yaron da bai taɓa ganin abu ya sauya a hannunsa ba, da wane baki za mu ce mun koya masa kimiyya? (Malam Garba ba mugu ba ne, kuma maganarsa da ƙamshin gaskiya, amma a lokacin ko gaisuwarsa da ƙyar nake amsawa.) Da firinsifal ya gaji da mu, sai ya ce iyaye su raba gardama ranar Asabar.

Na ɗaura ɗamara. Na ƙudurta zan nuna wa iyayen nan ko da kayan kicin ana kimiyya. Na dafa zoɓo ba sukari, na matse lemon tsami, na jiƙa kanwa, na dama garin sabulun wanki. Da yake ba mu da kwalaben kirki, sai na ɗura kowanne a korayen gorunan lemo, har da ruwan da zan sha. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ba za ki rubuta musu suna ba?" Na ce mata wadda ta yi digiri a kan abin nan ba ta buƙatar rubutu. Ku dai ji bakin mutum!

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil, ga zafin Mubi na kafin damina. Iyaye sun zo a kan babura daga Vimtim da Muchalla, wasu ma daga Duvu. Malam Garba ya yi nasa jawabin a natse, aka tafa masa. Na miƙe ina huci. Na yi magana a kan ƙasashen da suka ci gaba, na yi a kan masu tsara manhaja da ba su taɓa shiga ajin ƙauye ba, har na ɗaga yatsa na ce dokar farko a ɗakin gwaji ita ce ba a ci, ba a sha. Maƙogwarona ya bushe. Ban ko duba ba na kai hannu na ɗauki gora, na kafa kai.

Wayyo Allah! Sai da na haɗiye maƙwarwa biyu kafin harshena ya kai rahoto. Ruwan sabulu ne. Tari ya turnuƙe ni a bakin lasifika, hawaye na zuba, ga kumfa na gangarowa a haɓata har kan sabon leshina. Wani dattijo, Baba Yohanna, ya miƙe da sandarsa yana ihu, "Malama ya sha magani! A kawo manja!" Wata mata tana ta salati, wata na kiran Yesu. Firinsifal ya ce, "Malama, zauna, an ɗage maganar." Malam Garba kuwa, bawan Allah, shi ya ruga ya kawo mini ruwa, kafaɗunsa na rawa don danne dariya.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Amma na san in na zauna, ɗakin nan ya tafi ke nan. Na kurkure baki, na share haɓa da gefen mayafi, na ce, "Ranka ya daɗe, ban gama ba." Murya kamar ta kwaɗo. Na zuba zoɓo a kofunan gilas biyu. Na ɗiga lemon tsami a ɗaya, ya yi jawur. Na shinshina gora (yanzu kam na koyi hankali), na tsiyaya kanwa a ɗayan, ya rikiɗe ya koma kore-kore.

Iyaye suka miƙo wuya suna kallo. Can wata uwa, Mama Rifkatu, ta ce, "Ashe wannan ma karatu ne? Malama, bari in zuba da hannuna." Ta zuba, ya juya, ta rangaɗa guɗa. Nan fa iyaye suka yi layi, kowa sai ya gwada.

A ƙarshe Baba Yohanna ya yanke magana. Ya ce a nemo wa kwamfuta wani ɗakin, wannan a bar wa yara. "Amma a saya kwalba mai suna a jiki, kafin Malama ya kashe kansa."

Ɗakin yana nan, har famfo an gyara. Ni kuma na samu suna, Malama Kumfa, har masu acaɓa sun sani. Abin da na koya shi ne, in za ka yi faɗa don gaskiya, ka yi da ƙarfinka, amma ka sha ruwanka tun daga gida.