Gilashin Sirri na Asibitin Bayan Dayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wani injiniya ya zo neman farantansa a asibitin wani ƙauye da ke bayan Dayi ba. Ni ne kafintan aikin. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Katsina ba, ina da shekara talatin da 'yan kai, ina da shago a Malumfashi, ina kuma da baki. Na taɓa yin shekara biyu ina aikin rufi a Kaduna, duk wanda ya zauna da ni minti biyar sai ya sha labarin (gaskiyar magana, yawancin shekara biyun nan daga ƙasa nake miƙa wa wasu katako, amma ba wanda ya tambaye ni wannan).

Asibitin ƙarami ne, ɗaki biyu da baranda. Ɗan kwangilar, Alhaji Lawal, ya ba ni rufi da ƙofofi da tagogi. Na gama komai sai tagogi biyu na ɗakin magani, da suke jiran gilashi. Da zai tafi Funtua ya ce mini, "Gilashin na nan tafe cikin makon nan. In ya zo ka sa, kada ka jira ni."

Ranar Talata sai ga wata mota ta sauke akwatunan katako biyu, direba ya ce mai kayan zai biyo baya, ya juya abinsa. Na sa ƙarfe na ɓalle su. Gilashi ne kuwa, guda huɗu, dogaye, kowanne an zagaye shi da farin ƙarfe. Fuska ɗaya shuɗiya ce mai duhu, da zane kamar an jera ƙananan fayafayai. Ɗaya fuskar fara ce, da ɗan baƙin akwati manne a jiki, wayoyi biyu na reto.

Malamin asibitin, Malam Isiyaku, dattijo mai haƙuri, ya tsuguna ya duba. "Malam kafinta, anya wannan na taga ne? Ba a hangen komai ta cikinsa. Ga kuma waya."

"Sabon yayi ne," na ce. "A Kaduna duk manyan ofisoshi shi suke sawa. Wayar ta ƙararrawar ɓarayi ce."

Har yau ban san inda na samo wannan amsa ba. Ta dai fito, ta kuma zauna daram. Akwai takarda a cikin akwatin, Malam Isiyaku ya juya ta sama da ƙasa ya ce wannan ba Turancin da aka koya masa ba ne. An dai gaya masa za a kawo firij na ajiyar allura, shi kuma mai kananzir yake jira, irin na asibitin Bakori. Ya ce da mun dakata mai kayan ya iso. Na ce masa kowa da aikinsa, ni ban taɓa taya shi yin allura ba.

Gilashin bai yi daidai da tagogin ba. Kafinta mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa zarto na ɗauko. Kwana biyu ina rage nan ina ƙara can, har na shigar da bibbiyu a kowace taga. Fuskar mai ado na juya ta cikin ɗaki, don a ganina masu jinya su suka fi cancanta su ga abu mai kyau. Wayoyin suka koma waje, na kitsa su tsaf na rataye a ƙusa.

Ɗakin ya yi duhu ƙirin. Da tsakar rana sai da Malam Isiyaku ya kunna fitilar ƙwai kafin ya karanta sunan magani. Da dagacin garin ya zo duba aiki ya yi tuntuɓe da benci, nan take na yi masa bayani cewa gilashin sirri ne, don matan aure masu zuwa awo kada wani ya leƙe su. Ya jinjina kai, ya ce lallai zama a birni yana da amfani. Har ya ce in an sami rara a sa masa guda a turakarsa.

Ranar Asabar da hantsi injiniyan ya iso da firij da manyan batura da akwatin ƙanƙara cike da allurar ƙyanda. Injiniya Bayo sunansa, Bayerabe haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Dagaci ya riga ya sa an yi shela, mata sun cika gindin bishiyar maina da yara a goye, suna jiran allura.

Injiniya ya gaisa da kowa, ya ce a nuna masa akwatunan da aka kawo. Aka nuna masa, babu komai a ciki. Ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ya zagaya bayan ginin, ya tsaya a gaban wayoyin da na kitsa, ya daɗe. Sannan ya shiga ɗakin, ya fi daɗewa. Da ya fito ya ce, "Wa ya yi wannan aikin?"

Na matso gaba, na gyara hula.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Ko iska ba ta shiga. Malam, ka san abin da ka kafa?"

Kafin in buɗe baki dagaci ya amsa mini. "Gilashin sirri ne, na Kaduna."

Injiniya bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan farantai ne da ake ɗorawa a kan rufi. Hasken rana suke sha su mai da shi lantarki, firij ya yi sanyi, allurar yaran nan ba ta lalace ba. Fuskar nan shuɗiya ita ce mai son rana. Ita aka shigar cikin ɗaki."

Wata tsohuwa daga cikin matan ta ce, "Ashe kulle aka yi wa abin."

Dariyar ta fara daga gindin bishiya ta zagayo har baranda. Malam Isiyaku ya shiga ya hure fitilarsa. Dagaci kuwa bai dube ni ba, sandarsa ya tsaya dubawa.

Injiniya ya ce ƙanƙarar akwatinsa ba za ta kai gobe ba, kuma allurar har da ta ƙauyukan kewaye. In farantan ba su sha ranar yau ba, duk za a zubar. Nan na daina jin kunya na fara jin tsoro. Abin da na kafa cikin kwana biyu na ɓalle shi cikin awa ɗaya, ina lallaɓawa kada in fasa. Na sa tsani na hau da su ɗaya-ɗaya, kwanon rufi ya ɗau zafi, na bar takalmana a ƙasa, kuma ban ga fuskar da zan sauko in ɗauka da ita ba. A can sama na haɗa musu ƙafafun katako, Injiniya yana cewa karkata shi kudu, ina cewa to yallaɓai. Ban ambaci Kaduna ba ko sau ɗaya.

Bayan la'asar firij ya fara gurnani. Injiniya ya sa hannu a ciki ya ce Alhamdu lillahi, allura ta tsira. Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce ƙafafun katakon da na yi wa farantan sun fi waɗanda aka zana a takarda. Wataƙila tausayi ne, amma na karɓa.

Gilashin gaskiya ya iso mako na gaba a bayan motar Alhaji Lawal, fari tas, ana ganin waje. Ashe labarin ya riga ya isa Funtua, don tun kafin ya kashe mota yake tambayata ko wannan ma a juya shi ciki.

Kwanan baya ɗana ya nuna mini a wayarsa wasu dogayen benaye na ƙasashen waje da aka lulluɓe bangonsu da tagoginsu da irin farantan nan. Na ce masa ai ni na riga su. Uwarsa, wadda ta san labarin, ta ce su dai waje suka juya nasu.

Abin da na koya shi ne, "ban sani ba" tana da sauƙin faɗi ranar Talata a gaban mutum ɗaya. In ka bari sai Asabar, za ka faɗe ta ne daga kan rufi, ba takalmi, gari duka na kallonka.